Ku Tambayi Mai Tebur: Kacici-kacicin Hotuna da Sunayen Mayaƙan Sararin Samaniya

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka shigo wannan karon kusan duk a kan abu guda suka taru, wato kacici-kacicin da ake yi da hotuna maimakon magana, wanda Turawa ke kira rebus, musamman irin wanda masu wasan yaƙin kan tebur suke jefa wa junansu. Na taƙaita tambayoyin da suka yi tsawo.

Tambaya: Yayana yana karatu a Ingila, ya shiga ƙungiyar masu wasan Warhammer 40,000. Ya turo mini kacici-kacici uku, ya ce in na cinka zai zo mini da tsaraba. Na farko lamba 1000 ce, ga hotunan rana birjik a ƙarƙashinta. Na biyu amyar zuma ce da tayar mota da tururuwa a jere. Na uku ma babu hoto, haruffa ne a wawware: W O L V E S. Na duba har na gaji. Mene ne amsar?
Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya

Amsa: Ƙanena, abin da ya tare maka hanya shi ne da Hausa kake kallon hotunan, shi kuwa mai zanen da Turanci ya yi tunaninsu. Kai ka ga rana ka ce rana, magana ta tsaya nan. Mutumin Ingila in ya ga hoton, bakinsa zai ce sun, kunnensa kuma ba ya raba wannan da son, wato ɗa namiji. Ga dubu, ga ranaku, sai ya tashi da Thousand Sons. Sunan wata runduna ce a labarin wasan, ta 15 cikin rundunoni 20 da Sarkin Daular 'Yan Adam ya kafa. Jagoransu Magnus the Red ne, mai ido ɗaya, duniyarsu kuma Prospero. Kwaɗayin ilimin sihiri ne ya kai su ga faɗawa cikin 'yan tawaye.

Na biyun shi ya fi burge ni. Amya ita ce hive, taya tyre, tururuwa ant. Faɗi biyun ƙarshe da sauri ka ji abin da zai fito: tyrant. Amsar ita ce Hive Tyrant, ƙaton dodon da ke jagorantar Tyranids, halittun nan da suke tafe cikin ayari daga can bayan taurari, duk duniyar da suka sauka sai sun lashe mai rai da tsiro, har ruwa da iska. Ka lura taya da tururuwa ba su da wata alaƙa da dodon, ko kaɗan. Ido ya kawo kayan, kunne ne ya haɗa su. Wannan shi ake kira gwaninta a wannan fanni.

Na uku wani salo ne daban, inda yadda aka jera haruffa shi ne hoton. Tazarar da ke tsakanin haruffa sunanta space a Turanci, kuma kalmar ce dai suke kiran sararin samaniya da ita. Wolves kuwa kyarketai ne. Space Wolves ke nan, mayaƙan duniyar ƙanƙara mai suna Fenris, mutanen Leman Russ. Ina kyautata zaton yayanka da gangan ya haɗa na farko da na uku, domin a labarin Space Wolves ne aka tura suka ƙone Prospero, gabar kuma ba ta mutu ba har yau a kan teburan masu wasa.

Nan gaba in ya turo wasu, ka ambaci sunan kowane hoto da ƙarfi cikin harshen mai zanen, kada ka tsaya a suna ɗaya. Sannan ka duba launi, da yawan abin, da inda aka ajiye shi, sama ko ƙasa, ciki ko waje. Fararen motoci da harafin S kafin su, alal misali, White Scars ne. Gashin dada da sifili a gefensa Dreadnought ne. Ka gaya wa yayan naka cewa a nan aka taya ka, ka kuma nemi ya ƙaro.

Tambaya: Ina karanta shafin nan saboda jikana, amma har yanzu ban gane wane irin wasa ba ne. A waya ake yi ko a kwamfuta?
Daga wata Hajiya a Katsina

Amsa: Ranki ya daɗe, a kan tebur ake yi, mutum biyu suna fuskantar juna. Kowa yana zuwa da rundunarsa ta 'yan ƙananan sojojin roba, yawancinsu ba su wuce tsawon rabin yatsa ba, tare da tankokin yaƙi da injuna. A wargaje ake sayen su, mutum ya yanke, ya liƙa da gam, ya zauna da siririn burushi ya yi musu fenti. Wasu ma fentin ya fi ɗauke musu hankali a kan yaƙin. A kan teburin ana jera kangayen gine-gine da duwatsu na kwali ko roba. Da tef ɗin awo ake auna inci nawa soja zai yi tafiya da inda harbinsa zai kai, sannan a jefa ƙwayar lido a ga ko harbin ya samu, ko ya yi rauni, ko sulke ya tare.

Wanda ya fi shahara shi ne Warhammer 40,000 na kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, hedikwatarsa yanzu tana Nottingham. Rick Priestley ne ya tsara bugun farko da ya fito a 1987, bugu na 10 kuma ya fito a 2023. Babban wasa ana yin sa a fili mai inci 44 da 60, zagaye biyar. Na biyu da muke yawan ambata shi ne BattleTech, wanda kamfanin FASA na Chicago a Amurka ya fitar a 1984. Shi a kan taswira ake yi mai gidaje masu kusurwa shida, da manyan injuna masu tafiya da ƙafa, mutum yana ciki yana tuƙi. Kowane wasa yana da dogon ƙagaggen labari a bayansa, cike da sunayen rundunoni da jarumai da makamai. Waɗannan sunaye su ne ake ɓoyewa a cikin hotuna.

Tambaya: Mu shida ne muke wasa, dukanmu Hausawa. Duk kacici-kacicin da muke samu na Turanci ne, biyu daga cikinmu kuma Turancinsu bai yi ƙarfi ba, sai su zama 'yan kallo. Za a iya yin irinsa da Hausa, alhali sunayen duk na Turawa ne?
Daga wani mai gyaran waya a Kano

Amsa: Ɗan'uwa, ana iyawa, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini. Sunan baƙo ne, amma gaɓoɓinsa sauti ne kawai, Hausa kuma tana da kalmomin da za su ɗauki sautin. Ga waɗanda muka gwada a teburinmu suka yi aiki.

Zana lema, ka sa harafin N a gabanta. Sannan ka zana ginin da aka rushe, ka rubuta AU ka soke shi da layi, ka ƙara S. Lema da N sun ba da Leman, rusau da aka cire wa wutsiya aka ƙara S ya ba da Russ. Leman Russ ya fito, wanda sunan jarumi ne kuma sunan tankar yaƙin sojojin Daular. Wani kuma: saiwar rogo da O a soke da AL a gabanta, sai hoton duniya da kibiya tana nuna samanta, an rubuta "ƙasa" bayan ɗan fili. Mai cinka zai ce doron ƙasa. In ka nuna masa ya cire O na biyu daga doron, ya samu Dorn. Rogal Dorn ke nan, uban rundunar Imperial Fists. Wannan yana da ɗan wuya, ka ajiye shi sai hannun mutanenka ya faɗa.

Masu sauƙi don farawa suna nan. Tauraro da aka soke RARO ya zama T'au, sunan wata al'umma a Warhammer 40,000. Titi da aka cire I na ƙarshe aka sa AN ya zama Titan, ƙaton injin yaƙi. Mace tana daka a turmi, ga K guda a gefe, ya zama dakka, kalmar da Orks, korayen dodannin wasan, suke kiran ruwan harsashi da ita. Wannan na ƙarshe duk wanda ya taɓa fuskantar rundunar Orks zai yi dariya kafin ya faɗi amsar, domin abin da suke yi wa abokin gaba ai dakan ne.

Akwai hanya ta biyu, wadda ke bi ta ma'ana, kuma a nan ne Hausa take da wani arziki da ban ga mun yi amfani da shi sosai ba. Rubutun boko ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya nuna tsawon wasali. Saboda haka fara ta fara aiki, da fara ta launi, da fara ta gona, a baki kowace da muryarta, a takarda kuwa duk ɗaya ne. To, ka zana farar saniya da kibiya tana nuna launin jikinta. Mai cinka zai ce fara, daga nan ya tsallaka zuwa ƙwaron, daga ƙwaron ya tsallaka zuwa Locust, ƙaramin injin BattleTech mai gudun tsiya. Tsallake biyu ke nan a hoto guda, kuma Bature ba zai taɓa cinka shi ba. Sai dai akwai tarko. BattleTech yana da wani injin mai suna Grasshopper, shi ma a Hausa fara ne. Locust nauyinsa tan 20, Grasshopper tan 70. Ka rubuta 20 a ƙasan hoton, gardama ta mutu tun ba a fara ta ba. Irin waɗannan kalmomi suna da yawa: gari, wuya, kuka, kai, taya, guga. Duk wanda ya zauna ya bi jerin sunayen wasan yana gwada su da waɗannan zai tono abin da ni ban tono ba.

Abu biyu nake roƙon ku kiyaye. Na farko, ku rubuta a saman takarda da wane harshe za a karanta hotunan, kuma kada ku gauraya harshe biyu a kacici-kacici ɗaya sai in kun faɗa. Dutsen guga da hannayen agogo Iron Hands ne ga mai kallo da Turanci. Bahaushe kuwa zai ce guga, hankalinsa ma ya tafi rijiya, ya ɓata a can ba da laifinsa ba. Na biyu, ku mutunta haruffa masu lanƙwasa. Baki daban, baƙi daban. Daka daban, ɗaka daban. In aka yarda a riƙa take su don a samu hoto ya zauna, za a wayi gari kowane hoto yana iya nufin kome, kuma yaran da ke kallon ku za su koyi rubutun da ba daidai ba.

Tun da kun ce ku Hausawa ne, na san za ku ci karo da Blood Angels da Dark Angels. Ni ba na zana mala'iku, ba na kuma so a zana a teburina. Ba a ma buƙatar hakan. Tambarin da kamfanin ya ba Blood Angels ɗigon jini ne mai fukafukai, na Dark Angels takobi ne mai fukafukai. In kuma da Turanci kuke yi, ku zana kusurwoyi irin na darasin lissafi, wato angles, ku sa 'yar kibiya mai nuna a musanya L da E.

Tambaya: A makarantar firamare an koya mana rébus da Faransanci. Ɗana yana cewa wayar hannu ce ta kawo shi da 'yan hotunan emoji, ni kuma na ce ya girmi kakansa. Wa ya fi gaskiya?
Daga wani tsohon ma'aikaci a Damagaram

Amsa: Allah ya ƙara girma, Baba, kai ke da gaskiya, kuma abin ya wuce kakan kakansa nesa. Da wannan dabara ce rubutu kansa ya tashi tsaye. Zana saniya ko kifi ba wuya, amma yaya za a zana sunan mutum? Mutanen Masar na dā suka ga mafita ita ce a zana abin da sunansa ya yi kama da sautin da ake so. Akwai wani allon dutse a gidan tarihi na Alƙahira, na wajen shekara 3100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mai ɗauke da sunan wani sarki da hotuna biyu: tarwaɗa, wadda suke kira nar, da ƙarfen sassaƙa, wanda suke kira mer. Da haka masana suke karanta sunan Narmer. Akwai kuma sassaƙen Fir'auna Ramses na biyu yana yaro, faifan rana a kansa, wani tsiro a hannunsa. Rana ra ce, yaro mes, tsiron su. Sassaƙen gaba ɗayansa sunan mai shi yake faɗi.

Turawa sun ɗauki salon suka kai shi kan garkuwa da tuta. Tambarin ƙasar Sifen har gobe yana ɗauke da ganuwa da zaki, saboda tsofaffin masarautun Castile da León, waɗanda sunayensu suka yi kama da kalmomin ganuwa da zaki a harshensu. Gidan Bowes-Lyon, dangin mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta biyu, tambarinsu bakuna ne da zakuna, wato bows da lions. Daga wannan al'ada ta garkuwa ne masu tsara Warhammer 40,000 suka ɗebo, shi ya sa kowane Space Marine, wato mayaƙin irin waɗannan rundunoni, yake ɗauke da tambari a kafaɗarsa. Imperial Fists dunƙulen hannu ne, Iron Hands hannun ƙarfe, Space Wolves kan kyarkeci, Raven Guard tsuntsun da suka ci sunansa. Mutumin da ya ɓata dare yana zana waɗannan a kafaɗar da ba ta kai girman farce ba, idonsa ya riga ya saba da karanta suna a cikin hoto. Ga shi kuma a Birtaniya, mahaifar wasan, tun a 1986 aka fara nuna wani shirin talabijin mai suna Catchphrase wanda gasar irin wannan cinke ce zalla. Ba abin mamaki ba ne da 'yan wasan can suka mayar da shi abin hira.

Abin da waya ta kawo shi ne sauƙi. Wanda bai iya zane ba yanzu zai jera hotuna uku cikin daƙiƙa kaɗan. Sai dai ta ƙuntata abin, domin hotunan da ke cikinta ƙidayayyu ne, kuma ba a soke harafi ko a karkatar da kalma yadda ake yi da biro. Ka ba ɗan naka takarda ya gwada na hannu, zai ga bambancin.

Tambaya: Gardama ce ta kaure tsakanina da abokina, mun yarda kai za ka raba. Na zana kyanwa ta fusata, gashinta a tsaye, amsata Mad Cat. Shi sai ya ce Timber Wolf, na hana shi maki. Da nasa juyin ya zo sai ya zana hankaka guda ɗaya tak, na ce Raven, ya ce a'a, na ce Raven Guard, ya ce a'a, wai amsar Corvus Corax ce. Wa aka zalunta?
Daga wani ma'aikacin asibiti a Kaduna

Amsa: Malam, a ta farko ka ba abokinka makinsa. Mad Cat da Timber Wolf inji ɗaya ne na BattleTech mai tan 75. Waɗanda suka ƙera shi, wato Clans, Timber Wolf suke kiran sa. A labarin wasan, ranar da mayaƙan Inner Sphere, abokan gabar Clans, suka fara arba da shi, na'urar gane abokin gaba ta rikice, domin hannayensa irin na injin Marauder ne, akwatunan roka da ke kafaɗunsa kuma irin na injin Catapult. Sai ta riƙa nuna MAD, ta koma CAT, ta sake komawa MAD. Nan laƙabin ya samo asali. Gaskiya ne hotonka Mad Cat yake faɗi, amma babu yadda za a yi mutum ya tashi daga kyanwa ya isa Timber Wolf ba tare da ya ratsa ta Mad Cat ba. Ya cinka, har ya zarce. In kana son suna guda kawai, sai ka ja layukan haruffa a ƙasa, uku da uku.

A ta biyu kuwa kai aka zalunta. Corvus Corax sunan uban rundunar Raven Guard ne, kuma shi ne sunan da masana kimiyya suka ba wani babban hankaka baƙi ƙirin na ƙasashen arewa, ɗan'uwan namu mai farin ƙirji. Saboda haka abokinka yana da hujja, amma hujjar a cikin kansa ta tsaya, bai sa ta a takarda ba. Hoton tsuntsu guda yana iya zama Raven, injin BattleTech, yana iya zama rabin Raven Guard, yana iya zama mutumin. Ba abin da ya ba ka da za ka zaɓi ɗaya ka bar sauran. Da ya zana tsuntsun a shafin littafin kimiyya da layuka biyu na rubutu a ƙasansa, ko ya ce "sunan mutum ne, kalma biyu", da ya yi adalci, kuma da kacici-kacicin ya yi kyau ƙwarai.

Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne abin da mutum zai ce in an faɗa masa amsa. In ya dafe kai ya ce "Af, ai ga shi nan!", mai zane ya yi aikinsa. In ya ce "To ta ina zan sani?", mai zane ne ya gaza, ko da kuwa shi ya tashi da maki. Ina da zafi a kan wannan saboda na ga yadda ake korar sabbin shiga da shi. Yaro ya zo da sha'awarsa, bai fi sunaye ashirin ya sani ba, sai a tare shi da sunan wani kwamandan da aka ambata sau ɗaya a tsohon littafin dokoki, a yi masa dariya, gobe ba zai dawo ba. Mu da ba mu da yawa a ƙasar nan, ba mu da mutumin da za mu yar.

Ku ma ku kula da sunayen da aka canza. Wanda ya fara wasa da daɗewa Imperial Guard ya sani, kamfanin kuwa ya mayar da su Astra Militarum a 2014. Eldar sun koma Aeldari, Dark Eldar sun koma Drukhari. Shi kansa BattleTech da sunan Battledroids ya fara fitowa, aka canza saboda kalmar droid tana ƙarƙashin rajistar kamfanin Lucasfilm. Ku yi yarjejeniya tun kafin a fara cewa tsohon suna da sabo duk karɓaɓɓu ne.

Kuma ku ari dokar kacici-kacicinmu na gida. Wanda ya kasa ya ba da gari, mai tambaya ya karɓa ya faɗi amsa, tare da bayanin yadda kowane hoto ya kai ga amsar. In bayanin bai gamsar da sauran mutanen tebur ba, a mayar wa mai gari garinsa.

Tambaya: Ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandare. Ɗalibaina maza suna son labaran injuna da yaƙin sararin samaniya. Zan iya amfani da irin wannan a aji? Ba mu da kuɗin sayen kayan wasan.
Daga wata malama a Gusau

Amsa: Malama, kacici-kacicin ba ya cin kome sai alli da allo. Shawarata ki ɗebo sunayen daga BattleTech. Labarin Warhammer 40,000 yana da duhu, akwai aljanu da ƙagaggun abubuwan bauta a ciki, ba kowane uba ne zai so a kawo wa ɗansa wannan a aji ba. BattleTech kuwa rikicin 'yan Adam ne da injunansu, kuma sunayen injunan kalmomi ne da ɗalibanki suke buƙata ko babu wasa: Spider, Wasp, Flea, Panther, Cicada, Firefly, Archer, Rifleman, Atlas, Catapult.

Ki rubuta sunaye goma a gefen allo da ma'anar kowanne, ki bar su a nan, domin yaro ba ya cinkar sunan da bai taɓa ji ba. Ki fara da masu rabuwa biyu. Wuta da ƙuda Firefly ne. Bindiga da mutum Rifleman ne. Tukunyar suya da THER a gabanta Panther ce. Catapult yana da hanya biyu: danƙon harbin tsuntsu, wanda kowane yaro ya sani da wannan suna, ko kuma kyanwa da harafin A da PULT. Ki nuna musu duka biyun, ki tambaye su wanne ya fi daɗin cinka da dalili. Daga nan ki raba su rukuni-rukuni su ƙirƙiro nasu, rabi da Turanci rabi da Hausa, kowane rukuni ya rubuta harshensa a sama. A wajen ƙirƙirar ne za ki ga suna gardama a kan rubutun kalma da furucinta ba tare da kin sa su ba.

In daga baya suka nemi su taɓa wasan kansa, kamfanin Catalyst Game Labs da ke buga BattleTech yanzu yana ba da taƙaitattun dokokin farawa kyauta a intanet. Taswirar gidaje masu kusurwa shida ana iya zana ta a kwali, ƙwayar lido biyu ta isa, marfin kwalba kuma da aka liƙa wa suna yana tsayawa a madadin inji. Ki dai sa alama a gefe ɗaya na marfin, domin a wannan wasa inda inji ya fuskanta yana da muhimmanci, sulken bayansa ya fi na gabansa rauni.